Ƙyanƙyasar Ƙwan Salwa A Gida

 A ƴan shekarun nan muna yawan samun tambaya a kan kiwon salwa, tsuntsuwar nan ƴar ƙarama da waɗanda sunka yi lakkol ke kira kay da Faransanci. Wani ya gan ta a Maradi, wani ya ga hotonta a waya, wani kuma har ya sayo inji ya zuba ƙwai, ya jira kwana 20 bai ga ɗan tsako ba. Shi ya sa a wannan fitowa za mu yi bayanin yadda ake ƙyanƙyasar ƙwanta a gida.

Abu guda muke so ku riƙe tun farko. Littattafan kiwo da yawa an rubuta su a ƙasashen sanyi, inda damuwar mai inji ita ce yadda zai ɗumama ƙwai. Mu nan Dakoro abin da ya fi kashe mana ƙwai shi ne zafi da bushewar iska. Sau da yawa ƙwan ya riga ya mutu tun bai shiga inji ba.

MECE CE SALWAR GIDA?

Salwar da ake kiwo asalinta daga ƙasar Japan ne. Ba fakara ba ce, ba kuma ita ce salwar daji da ke zuwa daga Turai lokacin ɗari ba, ko da yake da wannan ta biyun danginsu ɗaya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, ita ta shigo da ita Najeriya a 1992, daga nan kiwonta ya bazu.

Tana fara ƙwai tana da mako 6 zuwa 7 kacal. In tana samun abinci mai kyau da hasken awa 14 zuwa 16 a yini, tana iya yin ƙwai 250 ko fiye a shekara. Ƙwan nauyinsa giram 10 zuwa 12 ne, wato uku ko huɗu su ne ƙwan kazar gida ɗaya.

Aibinta ɗaya. Tsawon zaman keji ya sa ta bar kwanci. Za ta yi ƙwai ta wuce abinta. To ke nan duk aikin uwa ya dawo kanku: ɗumi, danshi, iska da juyi. Kwanakin kuma kaɗan ne. Kaza kwana 21, zabuwa 26 zuwa 28, salwa 17 zuwa 18. Kuskuren yini guda a cikin kwana 17 ba ƙaramin abu ba ne.

KU ZAƁI LOKACI

Inji ya iya ƙara zafi, amma bai iya rage shi ba. Zafin da ƙwai ke so digiri 37 da rabi ne. A watan Afrilu da Mayu kuwa, kun sani, da rana tsaka zafin inuwa yakan wuce digiri 40, balle cikin ɗakin kwano. Ko an kashe inji ɗungum, ƙwan yana dahuwa. In zafin cikin ƙwai ya haura digiri 40 da rabi na ƴan awoyi, ɗan tayin ya mutu.

Ni kaina ta haka na koya. Karona na farko a bazara ne, na ajiye inji a ɗakin kwano don kada yara su taɓa. Kullum da safe ina duba ma'aunin zafi, lafiya lau. Ban taɓa dubawa bayan azahar ba. Da kwana 18 sunka cika, ƴan tsakin da sunka fito ba su cika tafin hannu biyu ba, saura duk baragurbi. Laifin ba na inji ba ne.

Don haka:

1. Mai farawa ya fara bayan damana ta sauka, ko da kaka, ko cikin ɗari. Ya bar bazara sai hannunsa ya faɗa.

2. A ajiye inji a ɗakin ƙasa mai rufin laka ko na ciyawa, inda rana ba ta shiga, nesa da taga da murhu.

3. Cikin ɗari zafi ba ya damunku, amma iskar hunturu tana busar da ƙwai. Za mu zo kan wannan.

ƘWAN IRI

Tun ran gini ran zane. Ba kowane ƙwai ake sa wa inji ba. Ƙwan da ake sayarwa don ci, galibi daga kejin da babu namiji ya fito, ko ya kwana biyu a rana. Ku tambayi mai sayarwa abu uku: akwai maza cikin kejin? Namiji ɗaya mata nawa? Yaushe anka ɗebi ƙwan?

Namiji ɗaya ga mata 2 ko 3 shi ne daidai. In mata sun yi yawa, ƙwai da yawa ba zai zama mai ɗa ba. In maza sun yi yawa, faɗa za su yi ta yi, su fige kawunan matan. Iyayen su kasance tsakanin wata 2 da wata 8. Kuma kada a riƙa haɗa wa da ƙanwa zubi bayan zubi. Salwa ba ta jure wannan: ƙyanƙyasa tana raguwa, guragu suna yawa. Ku riƙa musanya maza da wani mai kiwo.

Wajen zaɓe, ku ajiye gefe duk ƙwan da ya tsage ko yaya, da mai taushin ɓawo, da ƙarami ainun, da babba ainun, da mai kashi a jiki. Waɗannan na tukunya ne. Kada ku wanke ƙwan iri. Akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa yana tafiya da shi.

AJIYA DA TAFIYA

Nan ne mafi yawan asara take. Ƙwai mai ɗa abu ne mai rai da ke barci. A cikin sanyi, wajen digiri 13 zuwa 18, yana ci gaba da barcinsa. In zafi ya wuce digiri 24 ko kusa, sai ya fara farkawa, yana girma ba bisa ƙa'ida ba, ya raunana ko ya mutu. Ɗakunanmu kuwa, ban da tsakiyar ɗari, sun wuce wannan zafi.

Ga abin yi:

1. A ɗebi ƙwai sau biyu ko uku a yini. Salwa ta fi yin ƙwai da yamma, saboda haka kada a bar shi ya kwana a keji.

2. A jera shi cikin kwali ko cikin ƙwarya mai ƙaiƙayi, tsinin yana ƙasa, faffaɗan kan yana sama.

3. A sa shi cikin randa marar ruwa, a kafa randar cikin jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a rufe bakin da jiƙaƙƙen buhu, amma kada ruwa ya taɓa ƙwan. Dabarar tukunya cikin tukunya da yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba na jihar Jigawa ya yaɗa, ita ma tana aiki. Ba za ta kai ku digiri 15 ba, amma ta fi sararin ɗaki nesa ba kusa ba.

4. Kada a wuce kwana 7. Lokacin zafi kwana 3 ko 4 ya isa.

5. Kada a sa shi a firjin ƙanƙara. Sanyin ya yi yawa.

In daga Maradi za ku kawo shi, ku tuna tafiyar ta fi kilomita 100. Ku taso da sassafe. Ku riƙe kwalin bisa cinya, da tsumma a ƙarƙashi. Kada ya hau saman mota, kada ya zauna kusa da gilashin gaba, kada a ɗaure shi bayan babur. In kun iso, ku bar shi ya huta kamar awa 12, tsini ƙasa, kafin ya shiga inji.

INJI DA ZAFINSA

Iri biyu anka fi gani. Akwai mai lantarki da fanka a ciki, wanda ake haɗawa da batir da faifan sola. Akwai kuma mai fitilar kananzir, wanda ba shi da fanka.

Mai fanka: digiri 37 da rabi, ko'ina cikin akwatin.

Marar fanka: digiri 38 da rabi zuwa 39, a auna daidai saman ƙwai, don zafi sama yake taruwa. Ku lura, ƙwan salwa gajere ne. In an bar ma'aunin a tsayin ƙwan kaza, abin da zai nuna ba shi ne ƙwanku ke ji ba. Ku sauko da shi.

Kada ku yarda da lambar da inji ke nunawa sai kun gwada ta. Ku sayi ma'aunin zafin jiki, irin na asibiti, a farmasi, ku sa a ciki ku kwatanta. Ku wanke injin, ku shanya, ku kunna shi babu ƙwai na yini guda cur, kuna dubawa da asuba, da azahar, da tsakar dare. Sai zafin ya tsaya wuri ɗaya sannan a zuba ƙwai. Bayan an zuba, zafin zai faɗi na ƴan awoyi. Kada ku ƙara wuta, zai dawo da kansa.

Mai kananzir yana son a gyara lagwani kullum, kuma hayaƙi kada ya shiga wurin ƙwai. Ƴan ramukan iska da ke jikin inji kada a toshe su. Ɗan tayi yana numfashi ta cikin ɓawo, kuma buƙatarsa ta iska tana ƙaruwa yayin da yake girma.

In wuta ta ɗauke lokacin sanyi, ku rufe injin da bargo, ku sa kwalaben ruwan ɗumi a ciki, ba tare da sun taɓa ƙwai ba. Sanyin ƴan awoyi yakan jinkirta ƙyanƙyasa ne kawai. Zafin da ya wuce kima shi ne ba ya da gyara.

RUWA DA DANSHI

Ƙwai yana rage ruwa sannu a hankali ta cikin ɓawo, ɗakin iskar da ke faffaɗan kansa yana ƙara girma. Da iskar wannan ɗaki ɗan tsako zai yi numfashinsa na farko. In ruwan ya fita da yawa, tsakon zai bushe ya manne da tantani. In bai fita isasshe ba, ɗakin iskar zai yi ƙanƙanta, tsakon ya shaƙe.

Daga kwana na 1 zuwa na 14, danshi kashi 50 zuwa 55 cikin 100. Daga nan zuwa ƙyanƙyasa, kashi 65 zuwa 70. Cikin hunturu danshin iskarmu yakan faɗi ƙasa da kashi 20, don haka kwanon ruwan inji ba zai isa shi kaɗai ba. Ku ƙara kwano na biyu, ko ku sa soso mai tsabta a cikin ruwan. Faɗin fuskar ruwan shi ke ba da danshi, ba zurfinsa ba. Ruwan kuma mai ɗumi za a zuba, ba na randa ba. A tsakiyar damana kuwa, watan Agusta, kwano ɗaya ma yana iya yin yawa.

In ba ku da ma'aunin danshi, sikeli ƙarami zai yi muku aiki. Ku ware ƙwai 30, ku yi musu alama, ku auna su tare ranar zubi. A ce sun ba da giram 330. Ranar kwana 14 ya kamata su rage kamar kashi 10 zuwa 12 cikin 100, wato su dawo wajen giram 295. Ku auna a kwana na 7, ya kamata a ce an yi rabin hanya. In sun rage fiye da haka, a ƙara ruwa. In ba su kai ba, a rage.

JUYI DA DUBAWA

Kaza tana juya ƙwanta sau da yawa a yini don kada ɗan tayi ya manne gefe guda. In injinku ba ya juyi da kansa, ku yi da hannu, aƙalla sau 3, in da hali sau 5. Lokutan salla biyar sun isa su zama agogonku. Amfanin lamba marar biyu shi ne ƙwai ba zai kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere ba. Ku yi alama da fensir, gicciye a gefe ɗaya, da'ira a ɗayan. Ku wanke hannu tukuna, musamman in kun taɓa kananzir ko mai. Ku yi sauri ku rufe.

Wajen kwana 7 zuwa 10, da dare, ku haska ƙwan da tocila mai ƙarfi ta faffaɗan kai. Zanen ɓawon salwa yana sa gani ya yi wuya, amma za ku bambance. Mai rai yana da duhu da jajayen jijiyoyi. Marar ɗa haske yana ratsa shi sarai. Wanda ya mutu da wuri yakan nuna jan zobe. Ku fitar da waɗannan. In kuna shakka, ku bar shi, sai fa in yana wari.

KWANA UKU NA ƘARSHE

Ranar da kunka zuba ƙwai ba a ƙirga ta. Misali, in Litinin da safe kunka zuba, Litinin ta mako biyu ita ce kwana 14, Alhamis mai bi mata ita ce kwana 17. Ku rubuta a takarda ku liƙa jikin inji.

Ranar kwana 14 da yamma a daina juyi. A kwantar da ƙwan bisa tsumma mai kaushi ko buhun algarara mai tsabta. A cika kwanonin ruwa, a rufe su da raga don kada tsaki su faɗa. Daga nan a bar ƙofa a rufe. Duk buɗewa ɗaya danshi yana gudu, tantanin ƙwan da ya riga ya huda ya bushe ya naɗe tsakon. Mun san yara za su so gani, manya ma haka. A duba ta gilashi.

Salwa takan fito kusan lokaci guda. Kada ku ɓare wa tsako ɓawo, jijiyoyin jini na iya tsinkewa. Ku bar waɗanda sunka fito su bushe a ciki awa 12 zuwa 24, gwaiduwar da ke cikinsu tana riƙe su. Ku ba saura har kwana 19, sannan a kashe inji.

IN BABU INJI FA?

Dabarar da iyayenmu ke yi da ƙwan zabi, a sa wa kaza, tana yiwuwa da salwa, amma da sharaɗi. Ku nemi ƴar ƙaramar kaza marar nauyi wadda ta riga ta zauna kwanci sosai, don ɓawon salwa ba shi da ƙwari. Kada ku haɗa da ƙwan kaza ko na zabi, kwanakinsu ba ɗaya ba ne. Ku yi mata maganin ƙuma da ƙwarƙwata tun kafin nan. Da zarar tsakin sun fito sun bushe, ku ɗauke su, don za ta tattake su, ko su ɓace a tsakar gida. Asara ta fi ta inji yawa, amma hanya ce ta gwaji da kuɗi kaɗan.

MAKON FARKO NA ƳAN TSAKI

Tsakon salwa giram 6 zuwa 8 ne, bai fi kan babban yatsa ba. Abu huɗu ke kashe shi.

Sanyi. Yana son digiri 35 a makon farko, a riƙa rage kamar digiri 3 kowane mako har mako 3. Kwali da fitila, ko tukunyar garwashi da anka kange, sun isa, amma a bar wa hayaƙi hanya. Ku dubi tsakin: in sun cunkushe jikin wuta, sanyi suke ji. In sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci, daidai ne.

Ruwa. Yana nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Ku zuba a murfin kwalba ko faranti marar zurfi, ku cika shi da tsakuwa wankakkiya.

Santsi. Takardar jarida ko leda tana sa ƙafafu su buɗe, tsakon ya gurgunce. A shimfiɗa buhu ko tsumma.

Yunwa. Tsakin gero kaɗai ba zai raya shi ba. Yana buƙatar abinci mai gina jiki kashi 24 zuwa 28 cikin 100. In kun samu abincin ƴan tsaki na kanti, ku ƙara niƙa shi ya yi laushi. In za ku haɗa da kanku, a sa garin masara ko gero, da tunkuza, da garin kifi, da ɗan garin ƙonannen ƙashi. Gara da dafaffen ƙwai suna taimakawa a kwanakin farko. Tunkuzar da ta yi fumfuna guba ce, a zubar.

A mako na 3 za ku bambance su: mace ƙirjinta da ɗigo-ɗigon baƙi, namiji nasa ja-ja ne babu ɗigo.

KU FASA WANDA BAI FITO BA

Kada ku zubar da ragowar ƙwai ba ku duba ba, shi ne malaminku. Ku fasa su a waje, nesa da kaji, ku ƙirga, sannan ku binne.

In babu komai sai gwaiduwa, matsalar maza ce, ko ƙwan ya tsufa. In jini ne kaɗan ko ɗan tayi ƙarami, ku tuhumi zafin ajiya da girgizar hanya. In tsako ne cikakke ya manne ya bushe, danshi ya yi kaɗan. In cikakke ne amma jiƙe, bai huda ba, danshi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. In sun fito tun kwana 15 ko 16, zafin inji ya yi yawa. In sai kwana 19, ya yi kaɗan. Mai farawa da ya samu 60 cikin ƙwai 100 ya yi ƙoƙari.

GARGAƊI BIYU

Na farko, cuta. Salwa tana kamuwa da murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijar a Magarya cikin Fabrairun 2006. Ku raba kejinta da kaji da agwagi da zabi. Sabon tsuntsu ya yi mako 2 a ware. In kun ga mutuwa da yawa farat ɗaya, kada ku ci, kada ku sayar, ku sanar da ma'aikacin kiwo na kusa da ku ko ma'aikatar kiwo ta Dakoro nan take.

Na biyu, kasuwa. Ƙwan salwa abinci ne mai kyau ga yara da masu jego, kamar kowane ƙwai. Amma ba maganin hawan jini ba ne, ba na ciwon suga ba, kada mai ciwo ya bar maganinsa saboda shi. A ƙasar Kenya irin wannan zance ya sa kuɗin ƙwan ya yi sama a 2013, mutane sunka ci bashi sunka shiga kiwon, a 2014 kasuwar ta faɗi warwas. Kafin ku sayar da tunkiya ku sayi inji, ku san wa zai sayi ƙwan, a Korahane ne, ko Dakoro, ko sai an kai Maradi, da abin da hanya za ta ci. Ku fara da ƙwai 30 zuwa 50. In zubi biyu sun yi kyau, sai a ƙara.

Wanda ya zuba ƙwai bana, ya riƙe littafi: ranar zubi, zafin safe da na rana da na dare, nauyin ƙwai, da abin da ya gani da ya fasa ragowar. Ya zo mana da shi mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a kiwo.